Mota tana mutuwa in rana ta take, in ta huce sai ta tashi

Tambaya: Salam Oga. Ina da Honda Accord EOD 2004 mai silinda 4. Da safe lafiya lau take tashi, amma in rana ta take, musamman in na shiga goslo da esi a kunne, sai kawai ta mutu, in yi ta kik ta ƙi tashi sai na bar ta kamar minti 20 ko 30. An canza fulogi, an wanke nozul, yanzu kuma wai birenbos ne. Don Allah me ka gani?

Wa alaikumus salam Malam. Da farko dai ka riƙe kuɗinka a aljihu, kar ka sayi birenbos ɗin nan, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, tukuna. Na haura shekara 20 ina kwanciya ƙarƙashin mota, kuma duk bazara daga Maris zuwa Mayu sai an yi ta kawo min irin wannan ciwon, amma waɗanda aka bincika aka tarar da gaske birenbos ne ba su cika yatsun hannuna ba. Shi dai birenbos ya zama kamar aljani a wajen wasu 'yan'uwanmu kanikawa, duk abin da ya gagara sai a ɗora masa.

Abin da ya sa ciwon nan yake wahalar da mutane shi ne ɓuya yake yi. Kai motar ta mutu maka da ƙarfe 2 na rana a tsakiyar titi, shi kuma bakanike da safe ka kai masa ita tana sanyi ƙalau, ya tayar ta tashi, ya zagaya da ita bai ga komai ba, to kunya ba za ta bar shi ya ce maka bai gani ba, sai ya fara canki-canka da kuɗinka, yau fulogi gobe nozul jibi wani abu, ana barin jaki ana dukan taiki. Gwajin da zai yi amfani guda ɗaya ne, wanda aka yi a cikin mintunan nan 20 da ta ƙi tashi, tana da zafinta. Ko dai kai ka koyi duba abubuwan da zan faɗa maka a wurin, ko bakaniken ya yarda ya shiga motar ku yi ta yawo da rana har ta mutu a gabansa da kayan aikinsa a but.

Inji abu 3 yake nema kafin ya tashi, mai da wuta da iska, kuma a kan lokaci. In ta mutu ɗaya daga ciki ne ya ɗauke, aikinmu mu gano wanne.

Amma kafin komai, ina allurar zafi take tsayawa lokacin da ta mutu? Ba ka faɗa ba kuma yana da muhimmanci sosai. In allurar ta haura rabi tana neman ja, to wannan obahitin ne, maganar daban ce, kuma ita ce mai haɗari don tana iya ƙona maka tof gaskit ko ta lanƙwasa tof silinda gaba ɗaya. Motar da ke zafi a goslo amma in ta samu hanya allurar ta sauka, kusan kullum fanka ce, don a guje iskar hanya ke sanyaya lagireto, a tsaye kuwa fanka kaɗai ke wannan aikin. EOD fanka 2 gare ta, ka kunna esi ka buɗe bonet, ya kamata ka ga duka suna juyawa da ƙarfi, ba ɗaya na juyi ɗaya na hutawa ba, ba kuma juyin ganin dama ba. Ka duba tsakanin kwandensa da lagireto, ƙurar hunturu da leda da ganye suna taruwa a nan su toshe iska. Murfin lagireto ma mutane sun raina shi, alhali shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa a digiri 100, za ka ga an rubuta 0.9 ko 1.1 a kansa, in robarsa ta mutu ruwan zai riƙa tafasa da wuri yana gudu. Kuma don girman Allah kar ka buɗe murfin nan da zafi, na ga yaron gareji da fatar hannunsa ta saɓule saboda haka.

Tunda na taɓo nan bari in faɗi abin da ke raina. Al'adar nan ta cire tamostat, abin da ke daidaita zafin ruwan inji, a jefar, a haɗa fanka dairek tana juyawa tun daga murɗa maƙulli, wai ƙasarmu da zafi tamostat na ƙasar sanyi ne, ban yarda da ita ba. An ƙera injin ya yi aiki a wajajen digiri 85 zuwa 95, in ka hana shi kai nan birenbos zai ɗauka har yanzu safiya ce ya yi ta ƙara mai, ka ga shan mai ya ƙaru fulogi yana baƙi, sannan ainihin abin da ya kawo zafin, wataƙila lagireton ne ya toshe da gishirin ruwan rijiya, yana nan ba a taɓa shi ba.

To mu ɗauka allurar na zaune a inda ta saba. Sai tambaya ta biyu, yaya take mutuwa? Akwai wadda take ɗaukewa ɗif kamar an ɗauke NEPA, ba gargaɗi ba komai. Akwai wadda sai ta fara shaƙewa, tana fizga, ka taka totur ta ƙi amsawa, ƙarfinta na raguwa har ta kwanta. Akwai kuma wadda ba ta mutuwa sai ka ɗaga ƙafa daga totur ko ka taka burki za ka tsaya. Ta farko ɓangaren wuta nake fara zargi, ta biyu mai, ta uku silo, wato juyin inji in ba a taka totur ba.

Ta ukun ita ce mafi sauƙi. Motar da silonta ya yi rauni saboda datti a bakin totur ko bawul ɗin silo ya cushe, da esi ya kama sai nauyin kwamfireso da fankoki ya danne injin ya mutu. Amma irin wannan kana yin kik take tashi, ko da ɗan taka totur. Taka kuwa ka ce sai ta yi minti 20 zuwa 30, don haka ba na jin nan gizo ke saƙar. A wanke totur ɗin dai in ya yi baƙi, ba asara, amma kar ka sa rai.

Mu zo kan mai, wanda shi na fi yawan kamawa a 'yan shekarun nan. Famfon mai na motarka a cikin tanki yake, ƙaramin injin lantarki ne, kuma fetur ɗin da yake ciki da wanda ke ratsa shi, shi ne ke sanyaya shi. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 mutane da yawa sun koma zuba lita 5 lita 7, fitilar rizab a kunne kullum kamar ado, ba laifinsu ba ne halin da ake ciki ne, amma famfo ba ruwansa da halin da ake ciki. Ɗan man da ke gindin tanki ga zafin kwalta daga ƙasa ga salansa a gefe ga rana digiri 40 da wani abu irin ta Afrilun Kano ko Sakkwato, sai ya ɗumame, famfon da dama ya tsufa ya yi zafi ƙarfinsa ya faɗi ko ya tsaya cak, in ya huce ya ci gaba kamar ba shi ba. Ga kuma dattin gindin tanki da yake zuƙa ya toshe rariyarsa, musamman in kana sayen na galan a bakin titi.

Gwajin farko ba ya buƙatar ko sifana. Ka cika tanki ko aƙalla ka wuce rabi, ka yi kwana 3 kana bin hanyar da ta saba mutuwa a lokacin da ta saba. In ta daina, ko ta rage sosai, to kusan ka kama ɓarawonka. Na biyu, lokacin da ta mutu, kashe rediyo da esi, buɗe murfin tanki ka sa kunne, wani ya murɗa maƙulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa ba tare da ya yi kik ba. A Honda za ka ji famfo ya yi zuuu na kamar sakan 2 ya tsaya. Ka saurare shi da safe ma tana lafiya don ka san muryarsa ta gaskiya. In da rana ka ji shiru, ko ka ji yana kuka da wata murya daban kamar mai shaƙe, to ga hanya. Masu Toyota da ke karanta wannan ku lura, da yawa daga cikinsu famfon ba ya juyawa sai ana kik, kar ku ji shiru ku ce ya mutu. Sannan in ka zo buɗe murfin tankin ka ji ya ja iska da ƙarfi fuuu kuma nan take motar ta tashi, to numfashin tankin ne ya toshe, famfo na ja tanki na riƙewa.

Shi bakanike abin da ya kamata ya yi shi ne ya ɗaura gejin matsin mai. Irin waɗannan motocin masu injakta suna son matsi wajen bar 3 zuwa 3 da rabi a geji, kuma ya tsaya a nan ko da zafi. Cire tiyo a ga mai na tsartuwa a ce ai famfo na kawowa, wannan ba gwaji ba ne, famfon da ke ba da rabin matsi ma zai tsarto maka mai a ido. In babu geji, a fesa ɗan abin wanke kafireto na gwangwani a hanyar iska a yi kik, in ta tashi ta yi sakan 2 ta mutu to wuta na nan, mai ne babu. Ban ce a tsiyaya fetur daga gora a kan inji mai zafi ba, motoci sun ƙone ƙurmus ta haka.

Kuma ko an ji famfo shiru, kar a yi saurin yanke masa hukunci, a duba ko wuta na isa gare shi. Akwai wani direban Sharon da ke lodin Kano zuwa Kaduna da ya zo min bayan ya canza famfo har 3 cikin wata 2, ransa a ɓace yana ta zagin masu sayar da kaya. Da muka bar ta ta yi zafi ta mutu na sa mita a soket ɗin famfon, wutar da ke zuwa ba ta kai bolt 9 ba. Ashe ƙafar rile ce, ɗan makunnin da ke sakar wa famfo wuta, ta ƙone ta yi baƙi a cikin mazauninta, da sanyi tana taɓawa, da zafi ƙarfen ya buɗe ta saki. Famfunan nan 3 da ya jefar babu mamaki lafiyarsu ƙalau. Abin da muka kashe bai kai kuɗin lodin fasinja ɗaya ba.

Wannan ya kawo mu kan rile. Tsofaffin Honda na shekarun 1990, su Civic da Accord, sun yi suna a kan wannan, babban rilensu yana ƙarƙashin dashbod, dalmar da aka like ƙafafunsa da ita tana tsagewa, in cikin mota ya yi zafi sai ta ƙi tashi, in an buɗe ƙofofi iska ta shiga ta tashi. Masu wayarin, wato masu gyaran wutar mota, da suka san aiki sake narka dalmar kawai suke yi. Motarka kuwa ƙananan rile gare ta da ake zarewa, don haka in ta mutu mai wayarin zai iya musanya shi da wani irinsa a gani. Kai kuma ka lura da fitilar cek injin, in ka murɗa maƙulli dole ta kama tare da sauran. In lokacin da motar ta mutu ka ga sauran fitilu sun kama ita ba ta kama ba, to birenbos ba ya samun wuta ne, ba wai ya lalace ba, a bi rile da fiyus da wayar at, wato negetif, da mazaunin maƙulli. Wayoyin at ɗin nan da ke ɗaure a jikin inji da bodi a kwance su a goge a ɗaure tam, sau da yawa bayan an sauke inji ko giya ake barinsu sako-sako.

Yanzu wadda nake zargi daidai da famfo a labarinka, sansar kirank. Ita ce ke gaya wa birenbos inji na juyawa kuma ga inda fistin yake, in ta yi shiru birenbos zai yanke wuta ya yanke nozul lokaci guda, mota ta ɗauke ɗif. Tana manne a jikin inji tana shan zafi shekara da shekaru, abin da ke cikinta ya gaji, da zafi ya kai wani matsayi sai ta katse, ta huce ta haɗe. Minti 20 zuwa 30 ɗin nan da ka ambata irin halinta ne sak. Yadda za ka leƙa ta kana zaune a kujerarka, kalli allurar RPM lokacin da kake kik. Da safe ka ga yadda take ɗan motsawa. In da rana ta mutu kana kik allurar na kwance ko gezau, to siginar ba ta zuwa. Wata dabara ta bakin hanya, in an nuna maka inda take, ka jiƙa tsumma da fiyawota ka ɗora mata ita kaɗai na minti 2, in motar da ta saba cin rabin awa ta tashi nan take to magana ta ƙare. Ita kaɗai fa na ce, ba ka kwara wa inji ruwa ba, ƙarfe mai zafi da ruwan sanyi ba sa shiri, kuma in ka jiƙa komai da komai ba za ka san wanda ya warke ba. A gareji mukan yi akasin haka, mu bar mota a silo mu hura wa sansar zafi da diraya irin ta masu gyaran gashi mu ga ko za ta mutu. Ka duba soket ɗinta ma, in baƙin mai na zuba a kai yana cinye robar waya.

Kwayil fa? Nan ne ake yawan cutar masu irin motarka. EOD kowane fulogi da kwayil ɗinsa, guda 4. In ɗaya ya gaza da zafi motar za ta riƙa rawa tana misin, ba za ta mutu gaba ɗaya ta ƙi tashi ba, kuma 4 ba sa haɗa baki su mutu a minti ɗaya. In an gwada an ga babu wuta a dukansu to abin da ke ba su umarni ko ke ba su wuta ne, a koma kan sansa da rile. Motocin da kwayil ɗaya ke ciyar da duka, irin Golf 3 da tsofaffin Honda masu distributa, su ne kwayil ko ignaita ke kashewa ɗungurungum da zafi. Masu 504 da sauran masu kafireto kuma nasu daban, fetur ne ke tafasa a cikin bututu ya zama tururi famfo ya kasa ja, shi ya sa za ka ga tsofaffin direbobi na ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kan famfo, kuma yana yi.

Saura sansar zafin ruwa, wadda ke gaya wa birenbos zafin inji. In ta yi ƙarya ta ce inji na sanyi alhali yana tafasa, sai a yi ta antaya mai har fulogi ya jiƙe. Alamarta warin fetur, baƙin hayaƙi, kuma in ka take totur har ƙasa kana kik sai ta tashi da kyar tana tari. Da mita ana ganewa, irin waɗannan sansar tana nuna wajen om 2,000 zuwa 3,000 da sanyi, in inji ya kai digiri 80 ta sauko wajen 300. Batir da altaneta ma a sa musu mita don a fitar da su daga zargi, a kashe bolt 12.6, a kunne bolt 13.5 zuwa 14.5 ko da esi da fitilu, duk da cewa in dai tana kik da ƙarfinta ban damu da su sosai ba.

Sai maganar kwamfuta. Motarka tana da soket ɗin OBD2 a ƙarƙashin sitiyari, motocin Amurka duk suna da shi tun 1996. A sa mata kwamfuta, amma kar ka bari kowa ya cire kan batir kafin nan, don yana goge abin da ta ajiye, har da bayanin zafin inji da gudun da take yi a daidai lokacin da ta mutu. In ka ga P0335 sansar kirank ce ko wayarta, P0340 sansar kamshaf, P0117 ko P0118 ta zafin ruwa, P0171 kuma mai ya yi kaɗan ko iska na shiga ta inda bai kamata ba. Amma ka sani famfon da ya gaji sau tari ba ya barin kod ko ɗaya, don haka in mai kwamfuta ya ce bai ga komai ba ba shi ke nan an wanke ta ba, ni hakan ma ƙara min zargin famfo yake. Akwai ɗan ƙaramin nan ELM327 da ake haɗawa da waya ta Bluetooth, ba shi da tsada, in ka bar shi a jiki za ka ga zafin ruwa da RPM a wayarka a lokacin da abin ke faruwa, ya fi a ba ka labari.

In an tabbatar da abin da ya lalace, wajen saye kar ka bi araha, araha ba ta ado. Sansar kirank ta kwali mai arha wani lokacin tun a sati na farko take fara irin halin tsohuwar, sai ka ɗauka ba ita ba ce ka koma neman wani abu. Ni na fi son ta asali ko 'yar Beljiyam da aka ciro daga inji, ka je kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano da tsohuwar a hannunka a gwada lamba da soket, ka kuma yi sharaɗin canji in ba ta yi ba. Famfo kuma in za a sa a sa da sabuwar rariya, a leƙa cikin tankin in da laka a wanke.

Kafin a gyara, ka san in ta mutu kana tafiya sitiyari zai yi nauyi, burki kuma taku 1 ko 2 ne masu laushi suka rage maka sai ya ƙanƙare, don haka kar ka yi ta famfa shi, kunna hazad ka gangara gefe ka taka sau ɗaya da ƙarfi. Ka ɗan haƙura da doguwar tafiya da iyali a 'yan kwanakin nan.

Gobe ka cika tankin. In ta sake mutuwa ka rubuto min abu 4, inda allurar zafi take, ko cek injin ta kama da ka murɗa maƙulli, ko ka ji kukan famfo, da ko allurar RPM ta motsa da kana kik. Ka haɗo da yadda ta mutun, ɗif ko da fizga.